Jagoran da Na Ƙera wa Baba

Hannun Baba ya fara rawa ne a hankali, yadda rufin kwano ke fara yoyo: yau ɗigo ɗaya ka ce ba komai, gobe ka nemi bokiti. Da farko kofin shayi ne ke ƙara a kan faranti in ya ɗauka. Daga baya layin fensirinsa ya soma karkacewa. Ni da Yaya, mu biyun da muke shagon kafinta tare da shi, muka yi kamar ba mu gani ba. Mutumin da ya koya maka riƙon zarto, da wane baki za ka ce masa zartonsa ya kauce?

Haɗin yatsu shi ne abin da aka san Baba da shi. Ka tsarƙe yatsun hannunka biyu, na dama su shige tsakanin na hagu. To haka ake yanka bakin falanki biyu, a tsarƙe su a kusurwa, a sa gam, ba ƙusa ko ɗaya. Baba da hannu yake yin nasa, daga shi sai zarto da kurfin sassaƙa da fensirin da ke maƙale a bayan kunnensa tun kafin a haife ni. Ko a gidan wani ka jawo durowa, kana ganin kusurwar ka san tasa ce. Akwai wani siririn layin fensir da yake bari a gindin yatsun, ba ya goge shi, wai don katako ya tuna wanda ya yanka shi.

Ranar da kurfi ya kuɓuce masa ya tsaga tsakanin babban yatsa da manuni, Yaya ya ja ni bayan shago, inda muke jibge guntayen katako.

“Auta, ya isa haka,” in ji shi.

Na haura arba'in, da furfura a gemuna da 'ya'yana a makaranta, amma a gidanmu har gobe ni Auta ne.

“Me ya isa?”

“Kada ka raina mini hankali, kai ma ka ga jinin. Yau tafin hannu ne, gobe jijiya. Baba zai zauna a gida ya huta.”

“Ya huta ya yi me a gidan?”

Yaya ma ya san abin da na sani. Tun da Mama ta rasu, gidan nan ba abin da ke motsi a cikinsa sai agogon bango. Lokacin da muka rufe shago don gyaran rufi, na je na tarar da Baba zaune a bakin gado da rana tsaka, rediyo a kashe, abincin da matata ta aika yana nan a rufe har ya yi sanyi. Da ƙyar ya ɗago ya dube ni. Tsoro nake ji, ba na ɓoyewa. Na tabbata in aka raba Baba da shagon nan, ba zai daɗe ba zai bi Mama.

A lokacin akwai aikin wata mata a hannunmu, muna ce mata Mai zuma, don kiwon zuma take yi a bayan gari. Akwatunan amya take so, masu yawa, duk girmansu ɗaya, kuma duk da haɗin yatsu, saboda a waje suke kwana, rana ta dake su ruwa ya dake su, ƙusa ba ta jurewa. Ita ta kawo falankanta.

Na ce, “Yaya, ka bar mini aikin Mai zuma. In na sa Baba ya yi shi da hannunsa, bai ɓata kaya ba, bai ji ciwo ba, zai zauna?”

Ya yi mini kallon da yake yi mini tun ina rarrafe.

“Zai zauna. In kuma abin ya ƙi, kada ka sake ta da mini maganar.”

Daga ranar zama ya gagare ni. In na zauna cin abinci sai in ga ina auna bakin faranti da yatsa. Matata ta ce tun da take ba ta taɓa ganin mutum yana gardama da cokali ba sai ni. Ina fita, ina dawowa, in ɗauki tef ɗin awo in ajiye, in manta inda na ajiye shi.

Muna da rauta a shago, injin nan mai haƙori ɗaya da ke juyawa yana cin katako. Baba bai taɓa ƙaunarta ba, yana ce mata mai surutu. Ita na kifar na ɗaure a ƙarƙashin tebur, na huda teburin, haƙorin ya leƙo sama. Na yi wata 'yar katanga ta katako mai zamewa gaba da baya a kan hanya biyu, tana bi ta kan haƙorin. A jikin katangar, gefen inda haƙori ke wucewa, na kafa wani ɗan guntun katako mai kusurwa huɗu, na sa masa suna turke. Sai ka tsayar da falanki a jikin katanga, gefensa ya dafa turke, ka tura, haƙori ya ci rami ɗaya. Ka ɗaga falankin, ka zura ramin nan a kan turke, ka sake turawa. Ramin da ka gama shi ke nuna inda na gaba zai faɗa, har ka kai ƙarshe. Shi ya sa na kira abin gaba ɗayansa jagora.

A baki kam da sauƙi. Wahalar ita ce abu uku dole su zo daidai wa daida: faɗin haƙori, kaurin turke, da tazarar da ke tsakaninsu. In ɗaya ya kauce ko da kaurin gashi ne, ba a nan zai tsaya ba, haihuwa yake yi. Yatsa na farko ya kauce da gashi ɗaya, na biyu da biyu, kafin ka kai ƙarshen falanki yatsu sun yi karo kai da kai. Na ci guntayen katako ba iyaka wurin gwaji. In haɗa ya yi sako-sako, in matsar da turke, ya ƙi shiga ko da guduma. In cusa fallen takarda, in zare, in raba fallen biyu. Dusar katako ta cika mini hanci da aljihu, har a cikin takalmi.

Sai na koma kan hannun Baba. Na sa wa katangar mariƙi biyu manya, nesa da haƙori. Na rufe bayan inda haƙorin ke fitowa da kututturen katako, ko da gangan mutum ya kai yatsa ba zai same shi ba. Na yi wani ɗan matsi da zai riƙe falanki, don kada a ce hannu ne zai riƙe.

Duk wannan kai-komon, Baba na zaune a kan kujerarsa ta bakin ƙofa, hannu a naɗe da bandeji, yana kallona ta saman tabarau.

“Auta, keken guragu kake ƙera mini?”

“Tabarau ne, Baba. Ai da ido ya gaji ka yarda ka sa tabarau.”

“Uhm. Bakinka dai bai gaji ba.”

Ranar da ciwon ya warke, Yaya ya tafi sa ƙofofi a wani gida, sai na ga dama ta samu. Na nuna wa Baba yadda ake yi. Na nuna masa yadda falanki na biyu yake farawa da rami, ba da yatsa ba, don su tsarƙe bakinsu ya zo ɗaya. Kafin in rufe baki ya gane, ai ba yau ya fara ganin kusurwa ba. Ya fere fensirinsa kamar kullum kafin ya fara aiki, ya mayar bayan kunne, ya kama mariƙan. Hannun na rawa, amma katangar tana kan hanyarta, rawar ba ta da inda za ta bi. Ya yanka guntu biyu, muka haɗa, suka shige da ɗan bugun tafin hannu.

Daɗi ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina. Na ce masa ya fara da falankan Mai zuma, ni zan tsallaka titi in sayo gam. A can mai shagon ya tsare ni da labarin ciwon bayansa, ina amsawa, kunnena na wajen ƙarar rauta. Tana tashi tana sauka, tana tashi tana sauka, ina jin ta har cikin ƙirjina.

Da na dawo ya gama gefe huɗu na akwati ɗaya, ya jera su. Na ɗauki biyu na haɗa. Yatsun farko suka shiga. Na tsakiya suka fara turjiya. Na ƙarshe kuwa suka tsaya kai da kai, ba mai niyyar ba wani hanya. Na juya falankin, na gwada ɗaya gefen, na gwada sauran biyun. Duk kanwar ja ce.

Gumi ya karyo mini. Na duba haƙori, yana nan daram. Na duba katanga, ba ta motsa ba. Sai idona ya faɗa kan wani ɗan yankin sanfefa, takardar nan ta goge katako, a gefen tebur, na dubi turke, na ga gefensa ya yi fari tas, sabon guga.

“Baba, ka taɓa turken nan?”

“Cijewa yake yi. Duk ɗagawa sai na yi kokawa da shi. Na ɗan sassauta masa.”

Hali zanen dutse. Shekara da shekaru, duk abin da ya cije a hannun Baba sai ya ji sanfefa, kuma a aikin hannu gaskiyarsa ce, haka ake lallaɓa haɗi har ya zauna. Amma turke cijewar ita ce aikinsa. Da ya sassauta, kowane rami ya samu wurin yin wasa, kuskure ya yi ta hawa kan kuskure. Garin neman gira mun rasa ido. Kuma akwatin amya ba a rage masa tsawo, don akwai firam-firam da ake ratayawa a ciki, inda zuma ke gina saƙarta, in ka datse bakin ka sake yankawa ba za su shiga ba. Rarar falankan da Mai zuma ta kawo, ita ce muka cinye a tashi ɗaya. Ko ɗaya ya sake lalacewa, magana ta ƙare.

Raina ya ɓaci, ga tsoro, ga shi Yaya na iya shigowa kowane lokaci.

“Baba, don Allah kada ka ƙara gyara komai. Kada ka auna, kada ka duba, kada ma ka yi tunani. Ka zura, ka tura, shi ke nan. Abin ya san aikinsa.”

Ya dube ni ta saman tabarau.

“To,” in ji shi.

Na datse bakin falankan da suka lalace na jefa su cikin guntayen gwaji. Na fere sabon turke daga katako mafi tauri da muke da shi, na sa masa gam, na ɗaure shi da sukurori biyu ta baya. Na sake zaman fallen takarda, cusa, zare, gwada, har haɗin ya dawo daidai. Sanfefar kuwa na tattara ta kaf na kulle a durowa.

Baba ya kama aiki. Ya zura, ya tura, ya ja baya, ya ɗaga. Ya zura, ya tura. Ni kuwa na kasa tsayawa wuri ɗaya. In ɗauki aikina in ajiye, in zagaya ta bayansa kamar ina neman guduma, in saci kallon turke, in koma. Ko tari ya yi sai gabana ya faɗi. Yaya yana ta nasa aikin a ɗaya gefen, amma na lura ya daina kunna rediyo.

Kwanaki suka yi ta tafiya a haka, tulin falankai na hagu yana raguwa, na dama yana tashi. Ba wanda ya lalace, ba ɗigon jini. Baba yana zuwa da wuri, yana tashi tare da mu. Sai dai ya rage magana. Ya daina tsokanar mai kawo mana shayi, ya daina yi wa Yaya gyara a kan yadda yake riƙe guduma. Na ce a raina hankalinsa ne ya tattaru a kan aiki. Har na gaya wa matata ta kwantar da hankalinta, mun ci nasara.

Ranar da Mai zuma ta zo duba kayanta, Yaya da kansa ya ɗauki gefe huɗu daga tsakiyar tuli, ba zaɓe. Ya tsarƙe su, ya bubbuga da dunƙulen hannu, akwati ya tashi ba gam ba komai. Ya ɗaga shi sama ya saita kusurwar da hasken ƙofa. Ko zaren haske bai ratsa ba. Ya ɗauki wasu huɗun, haka. Ya cakuɗa na wannan da na wancan, haka dai.

Yaya ya yi dariya, abin da na daɗe ban ji ba.

“Auta, na sara maka. Baba, teburin nan naka ne, ba mai taɓa maka shi.”

Wani nauyi ya sauka daga kafaɗata, na nemi gefen benci na zauna. Mai zuma tana ta shafa kusurwa tana sa albarka.

Baba bai yi dariya ba. Ya dubi Mai zuma ya ce, “'Yata, kin taɓa riƙe zarto?”

“Ni, Baba? Ko albasa nake yankawa sai na haɗa da yatsa.”

“Madalla. Zo nan.”

Ya je cikin guntayen gwaji ya zaro biyu daga falankan da ya ɓata ranar farko. Ya tsayar mata da ɗaya a jikin katanga, ya nuna mata mariƙan.

Na miƙe. “Baba, me kuma za a yi?”

“Zauna, Auta. Ka sha zirga-zirga.”

Ya kunna rauta. Mai zuma ta ɗan ja baya don ƙarar, tana dariyar tsoro.

“Ki zura, ki tura,” in ji Baba. “Kada ki auna, kada ki duba. Abin ya san aikinsa.”

Ta zura, ta tura. Tun tana ɗari-ɗari har ta saki jiki. Ya juya mata na biyun, ta gama shi. Baba ya kashe injin, ya haɗa guntayen, ya buga da tafin hannu sau ɗaya, suka shige. Sai ya ɗauko wata kusurwar gwaji da shi ya yanka da safe, ya sa hannu a baya ya jujjuya su, ya ajiye su gaban Yaya.

“Kai ne babba. Wanne ne nawa?”

Yaya ya ɗauki wannan, ya ɗauki wancan. Ya kai su bakin ƙofa, ya shafa da babban yatsa, ya leƙa gindin yatsun inda layin fensir yake zama. Ba layi a ko ɗaya. Ya dawo ya ajiye su a hankali.

Baba ya gyaɗa kai.

“Auta, ka yi aiki. Wallahi ka yi aiki, ban taɓa ganin haɗi mai kyan wannan ba.”

Ya kai hannu bayan kunne ya zaro fensirin. Ya dubi bakinsa, yana nan da tsininsa kamar yanzu aka fere shi.

“Tun ranar da na fere shi bai taɓa katako ba,” in ji shi. Ya ajiye shi a kan teburin, kusa da turke.

Na matso kusa da shi. “Baba, ba ka ji abin da Yaya ya ce ba? Ya yarda ka zauna.”

“Na ji. Na kuma ji abin da kuka ƙulla a bayan shago, bangon nan ai falanki ne.” Ya ɗauki hularsa ya kakkaɓe mata dusa. “Yayanka ya ce hannuna ya lalace. Wannan zan iya gardama da shi har in mutu, kullum in zo in gwada masa. Kai kuwa ka nuna mini aikin ba ya neman hannun. Wa zan yi wa gardama?”

“Don kai na yi shi, Baba.”

“Na sani. Allah ya yi maka albarka.”

Ya yi wa Mai zuma sallama, ya ce ta gaishe da zumanta, ya fita. Na bi shi har bakin ƙofa. Ya tsaya mota ta wuce, ya tsallaka titi, hannun nan mai rawa a cikin aljihu. Na yi ta kallon bayansa har ya sha kwana. Baƙin ciki ya kama ni, ga akwatuna jere a bayana, kowanne ya fi ɗan'uwansa kyau.

Washegari na riga kowa buɗe shago. Na share kujerarsa, na gyara mata zama a bakin ƙofa. Na ɗauki gam na fara haɗa akwatunan Mai zuma, ina shafawa ina leƙen titi, har rana ta take. Mai shayi ya kawo kofi uku kamar kullum, ya koma da ɗaya. Fensirin yana nan kusa da turke, daga ni har Yaya ba wanda ya matsar da shi. In dusa ta taru a kansa, sai dai ɗayanmu ya sunkuya ya hure.